Zufata da Askin Jikana

Abin ya yi mini wuya, ba zan ɓoye ba. Shan giyar wahala ne, barinta wahala ne, amma wanda ya fi ci mini rai shi ne na bari, jikina ya ƙi gaya wa mutane na bari. Shekara biyu ke nan ban kai ƙoƙo bakina ba, amma ko yanzu da nake rubutun nan sai da na sa tsumma ƙarƙashin hannuna don kada takardar ta jiƙe. Zufa ce. Da sanyi da zafi, ina zaune ko ina tafiya, haka take tsattsafo mini daga goshi da wuya da tafin hannu, kamar an huda randa.

A gona aka fara. Mu a Zuru, a zamaninmu, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Sai ya yi golmo, wato ya yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru, shi da abokan ƙungiyarsa, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan. A bakin gona ake ajiye tulun burkutu a inuwa. Yayana shi ne babbanmu, shi ke raba mana. Abin da ya koya mana, kuma duk muka yarda da shi, shi ne duk abin da ka sha a bakin gona zai fita ta bayanka kafin ka kai ƙarshen kunya. Wanda ya fi kowa zufa shi ake yabo, a ce giya ba ta kwana a jikinsa. Ni kuwa bayana har walƙiya yake yi a rana. Yayana yakan buga mini tafin hannu a tsakiyar baya ya ce, "Wannan ƙanen nawa ko tulu ya shanye, ƙasa ce za ta bugu, ba shi ba." Ina jin daɗi. Shekarata goma sha tara.

Daga baya ya shiga soja kamar rabin samarin unguwarmu. Ni na samu matar, na zauna, na kafa injin niƙa a bakin hanya. Mata masu dafa burkutu su ne manyan masu kawo mini aiki, domin sai an niƙa tsiron dawa kafin a dafa. Kuma al'ada ce, ranar da giya ta nuna, mai niƙa ake fara aika wa ƙoƙon farko ya ɗanɗana. Ba saye nake yi ba, girmamawa ce. Masu dafawa huɗu nake yi wa niƙa, kowace da ranarta, sai ya zama babu ranar da ba a girmama ni. Da farko sai yamma nake sha. Daga baya ƙoƙon ya riƙa iso mini da hantsi, ni kuma ban taɓa cewa a mayar ba.

Da yayana ya gama aiki ya dawo gida, kowa Kofur yake ce masa. Ya dawo da akwatin ƙarfe, da tari, da wani koren tawul da ba ya rabuwa da wuyansa. Shi ya nuna mini ogogoro, farar giyar nan mai ƙarfi, ya ce burkutu abincin yara ne. Da aka fara kawo 'yar leda, waccan da za ka fasa da haƙori ka tsotse a tsaye, sai muka koma mata, amma wurin zamanmu bai sauya ba. Akwai gidan wata mai burkutu a bayan kasuwa, da benci jingine da bangon laka. Shi a dama, ni a hagu. Shekaru muka yi a kan bencin nan, har bayanmu ya yi wa bangon tabo biyu baƙaƙe, kowane da siffar kafaɗa da ƙeya. Mai gidan takan ce, "Kofur, in zan yi yaɓe bana, ku biyun nan za ku kwaɓa ƙasar, tunda ruwan na jikinku."

A lokacin ba noma nake yi ba balle in ce aiki ne. Ina zaune zufar ke zuwa. Na lura, amma sai in ce wa kaina ai fita take yi, kamar yadda aka koya mana.

Wurin niƙa aka fara guduna. Da wasa abin ya soma. Wata tsohuwa ta ce, "Mai inji, garin tuwo na zo niƙa, ba kunu na ce ka dama mini ba." Aka yi dariya, har da ni. Wata rana kuma wata amarya tana tsaye, na sunkuya ina kwashe mata gari, ɗigo biyu suka faɗo daga haɓata cikin kwanonta. Ta gani, na ga ta gani. Ta ɗauki kayanta ta tafi. Kafin damina ta wuce, mata sun koma injin da ke gaba da mu, duk da ya fi nisa. Masu tsiro kaɗai suka rage mini, su da ƙoƙonsu.

A gida ma haka. Mu mazan gidan kwano ɗaya muke ci tun muna yara. Rannan na zo na tarar an zuba mini nawa daban, an rufe da faifai, an ajiye gefe. Ba wanda ya yi bayani, ni ma ban tambaya ba. A coci in an ce a gaisa da juna, mutum zai ba ni hannu yana murmushi, in ya juya sai ya goge a cinyarsa. Ina gani. Duk ina gani, mashayi ba makaho ba ne.

Ɗiyata ta fari ita ta fi kowa shan wahalar wannan zufa. Tun tana 'yar shekara goma take wanke rigunana, domin uwarta na kasuwa tana sayar da daddawa don a ci a gidan. Riga biyu, uku a rana. Ranar aurenta ni zan riƙe ta in kai ta gaban fasto. Da safe hannuna na rawa, sai na sha leda biyu ya tsaya. Muna tsaye a ƙofar coci na ɗora tafina a kafaɗarta, don in ce mata wani abu mai daɗi, na ma manta ko mene ne. Da na ɗauke hannun, ga yatsu biyar a kan farar rigarta, jiƙaƙƙu, da dattin baƙin man inji da bai gama fita daga farcena ba. Haka ta shiga, haka aka ɗauki hoto. Ta tare a Mahuta da mijinta, malamin makaranta. An ce hoton yana ƙasan akwati, ba ta taɓa rataye shi ba.

Yayana ya kwanta bayan auren da shekara guda. Cikinsa ya kumbura kamar mai wata tara, ƙafafu suka yi suntum, idanu suka koma ruwan ɗorawa. Likita ya ce hanta ta ƙare. Ranar ƙarshe da rana tsaka na je duba shi, ɗakin kamar tanda, amma goshinsa a bushe ƙamas. Tunda ya dawo daga soja ban taɓa ganin goshin nan a bushe ba. Ya zare tawul ɗin daga wuyansa da ƙyar ya miƙo mini.

"Riƙe," ya ce. "Ni na gama da shi."

"Haba Yaya, za ka tashi."

"Kai dai riƙe. Naka ya fi nawa zuba."

Kafin la'asar ya cika.

Bayan an rufe shi da kwana uku ƙafafuna suka kai ni bayan kasuwa da kansu. Na zauna a hagu. Mai burkutu ta kawo ƙoƙo biyu kamar kullum, sai da ta sunkuya za ta ajiye sannan ta tuna, ta tsaya da ɗaya a hannu ba ta san inda za ta kai shi ba. Na juya dama. Tabon yana nan a bango, kafaɗa da ƙeya, har da ɗan karkacewar da yake yi in zai yi tari. Na matsa gaba na waiga na dubi nawa. Girmansu ɗaya, baƙinsu ɗaya. Wanda bai sani ba, ba zai iya cewa wanne ne na mamaci ba. Na tashi na bar ƙoƙon a cike. Ba wa'azin fasto ba ne, ba kukan matata ba ne, duk sun yi sun gaji. Bangon nan ne.

Kwana biyar na farko ba na so in tuna su. Jikina ya riƙa karkarwa har gado na ƙara. Na ga tururuwa na fita daga bango suna hawa ƙafata, matata ta ce babu komai. Na ga yayana da hantsi, ido biyu, tsaye a bakin ƙofa yana shafa wuyansa, yana neman tawul. A rana ta huɗu na faɗi ina shure-shure, aka kwashe ni zuwa asibiti, aka yi mini ƙarin ruwa. Likitan ya ce da na zo tun farko da ba a kai ga haka ba, wai wanda ya daɗe yana sha ba ya yankewa shi kaɗai a ɗaki, yana iya mutuwa. Ya ce ina da hawan jini, hantata ta taɓu amma ba ta kai ta yayana ba, zafin da nake ji a tafin ƙafa kamar na taka barkono kuma jijiyoyi ne giya ta cinye. Na tambaye shi zufar fa. Na ce ai ita ce ke fitar da giyar, yanzu da babu giya me take fitarwa?

Ya dube ni. "Baba, wa ya gaya maka haka?"

"Haka muka taso."

"Ba giya take fitarwa ba. Ɓarnar da giya ta yi ce kake gani. Wataƙila ta ragu, wataƙila ba za ta ragu ba. Ka dai riƙa shan ruwa da yawa."

Abin da aka yaba mini a gona ina saurayi, ashe shi ne wannan.

Ba ta ragu ba. Rawar hannun ta ragu, sai in raina ya tashi take dawowa, amma zufar tana nan. To a unguwarmu kowa ya san ma'anar mutum ya jiƙe da safe. In na wuce majalisa sai in ji, "Ƙaramin Kofur, yau da wuri aka fara ke nan." In ce na bari. Su ce, "To, Allah ya sa," suna kallon rigata. Har matata sai da ta yi wata shida tana shinshina bakina da dabara, wai tana gyara mini wuyan riga.

Ina wata goma sha huɗu da bari ɗiyata ta haihu, namiji. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, kowa ya sani. Ita ba ta zo ba. Uwarta ce ta tattara kaya ta bi ta Mahuta, mutane suka yi ta tambayata dalili, ina cewa asibitin can ya fi kusa da su.

A gidanmu akwai abin da muke yi ranar suna. Bayan fasto ya yi addu'a, kakan yaro namiji ne ke zama a tabarma, a ɗora masa jariri a cinya, ya tallafe kan da hannu biyu, wanzami ya yi askin fari. Kakana ya riƙe ni, babana ya riƙe ɗiyata. Uban mijinta ya rasu tuntuni, saboda haka ni kaɗai ne kakan da yaron ke da shi. Saura kwana biyu matata ta kira ni a waya. Ta yi ta kewaye-kewaye, lafiyar akuya, lafiyar maƙwabta, sannan ta ce, "Ta ce in gaya maka."

"Ina ji."

"Ta ce in za ka zo kamar yadda ka zo ranar aurenta, ka yi zamanka. Ƙanen uban mijinta zai riƙe."

"Ba ki gaya mata na bari ba?"

"Na gaya mata, maigida. Ta ce sai ta gani da idonta."

Da idonta. Idonta kuwa rigata zai fara gani. Bazara ce, ana zafin nan na kafin ruwan fari, wanda ko kare ba ya fita. Na zauna na yi tunani irin nawa. Na ce zufa ruwa ce, in babu ruwa a ciki me zai fito? Tun daga azahar ta jajiberin suna na daina shan ruwa. Ko kunu ban sha ba, tuwo na ci ba miya sosai. Da safe na goga alif a hammata da wuya, na barbaɗa hoda, na sa kaftani mai duhu don ko ta zo kada ta nuna. Na ɗauki tawul ɗin yayana na ajiye, na sake ɗauka. Na rataya shi.

A tasha mota ta ƙi cika. Muna zaune cikin rana, ni ina kallon hannuwana a kan gwiwa. Sun fara rawa. Ina tuna aska, ina tuna kan jariri da taushinsa, suna ƙara rawa. Sai na ji yayana. Ba zan ce da kunne na ji ba, amma muryarsa ce, da tarin da komai: leda ɗaya, hannu ya tsaya cak, wa zai sani? Haka yakan ce mini kowace safiya a kan bencin nan. Akwai mai tebur a bakin tasha da ke sayar da sigari da alewa, ledojin na rataye a bayansa kamar yadda na san su. Na sauka na saya ɗaya. Na riƙe ta a tafina, da ɗumi saboda rana. Direba ya buga mota ya ce a shigo. Na jefa ta aljihu na shiga. Ban sha ba. Amma ban yar ba.

Mu huɗu a kujerar baya, ga buhun masara a ƙafafunmu. Duk da ƙishin da na yi wa kaina, zufar ta zo, ta jiƙa kaftanin har matar da ke kusa da ni ta sa jakarta a tsakaninmu. Sai can wajen rabin hanya ta tsaya. Na shafa goshina na ji shi a bushe. Wallahi daɗi na ji, na ce dabara ta ci. Ban daɗe da jin daɗin ba na tuna inda na taɓa ganin busasshen goshi a cikin irin wannan zafi. Kaina ya fara sarawa. Duwatsun gefen hanya suka riƙa matsowa suna komawa.

Daga inda mota ta sauke ni a Mahuta zuwa gidan ba nisa, amma hanyar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. An kafa rumfa a ƙofar gida, mutane cike a kujerun roba, 'yan coci da malaman makarantar mijin da dangi. Na hango tabarmar an shimfiɗa, wanzami na zaune yana wasa askarsa. Na hango ɗiyata a bakin ƙofa da jariri a kafaɗa. Na ɗaga hannu zan yi sallama, harshena ya manne, abin da ya fito ba magana ba ce. Na taka ɗaya, na biyu ya tafi gefe. Na kama kujera, kujerar ta bi ni.

Ban suma gaba ɗaya ba, shi ya sa na ji komai. Wani ya ce a buɗe masa wuya ya sha iska. Suna jan kaftanin sai ledar ta faɗo ƙasa. Kowa ya zuba mata ido. Can wata murya ta ce, "Ai ga ta nan." Wani ya yi 'yar dariya ta hanci. Aka ɗauke ni mutum uku, kamar yadda aka sha ɗauko ni daga bayan kasuwa.

A wani ɗaki na dawo hayyacina, a kan tabarma, ba riga. Matata na ɗura mini ruwan gishiri da sukari da cokali, wata maƙwabciyarsu mai aikin asibiti na shafa mini jiƙaƙƙen tsumma. Ta bango na ji jariri ya tsala kuka, sannan mata suka rangaɗa guɗa. An yi askin. Wani ne ya riƙe.

Da maƙwabciyar ta fita, matata ta ajiye kofin da ƙarfi. "Ka kashe ni, maigida. Ni da na rantse mata."

"Ban sha ba."

"To me ya kayar da kai? Iska?"

Na gaya mata. Ta buɗe baki ta dube ni.

"Ruwa? Ruwa ka bari? Shekara ashirin ina roƙonka ka bar giya, da ka tashi nuna gwaninta sai ka bar ruwa? Kai wane irin mutum ne?" Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta ɗauki kofin ta ci gaba da ɗura mini. "Buɗe bakin, tsohon banza."

Sai bayan la'asar, da baƙi suka ragu, ɗiyata ta shigo. Ba ta zo da yaron ba. Kaftanina ne a hannunta ɗaya, ledar a ɗayan. Ta rame, fuskarta ta koma irin ta uwarta. Ta durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda aka koya mata, ta ce, "Sannu, Baba. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Barka da arziki."

Ta ɗaga kaftanin ta kai hancinta wajen hammata, ta shaƙa, ta juya wuyan ta sake shaƙa. Ina kallo, kunya kamar ƙasa ta tsage.

"Tun ina 'yar shekara goma nake wanke rigunanka," ta ce. "Na san warin waccan zufar ta giya. Tsami gare ta, kamar tsiron da ya kwana a ruwa. Ko na wanke hannu da toka sai na ji shi a abincina. A makaranta har suna suka sa mini saboda shi." Ta ajiye rigar. "Wannan zufa ce kawai. Tun ɗazu na shinshina, tun kana kwance."

Na sunkuyar da kai.

"Ba ka sha ba, na yarda. Ledar ma ba a fasa ba." Ta ɗaga ta. "Amma ka saya."

"Na saya."

"Kana hanyar zuwa riƙe ɗana."

"Hannuna ne ke rawa. Na ji tsoron askar."

"Wa ya ce maka ita ce magani?"

Na faɗi gaskiya. "Babanki Kofur."

"Baba, ya mutu."

"Na sani. Ni na sa shi a rami."

Ta dubi tawul ɗin, yana gefen tabarma inda aka jefar da shi. Ta san shi, duk gidanmu an san shi. Na zaci za ta ce in yar, ba ta ce ba. Ta matso ta ajiye ledar a kansa, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Ba ni zan zubar maka ba," ta ce. "Na gaji da wanke maka abubuwa."

Ta tashi. Tana bakin ƙofa na ce, "Yaron fa? Ko daga nesa ne."

"Yana barci." Ta fita.

A gidan na kwana, ni da tawul da abin da ke kansa.

Da gari ya waye na ɗauki ledar na zaga bayan gida wajen makewayi. Na fasa ta da haƙori, domin ban san wata hanyar buɗe ta ba, ɗigo ya taɓa leɓena. Warin ya bugi hancina, yawu ya cika mini baki, wata goma sha huɗu suka zama kamar jiya. Na tsaya da ita a hannu, ban san ko minti nawa ba. Sannan na matse ta a ƙasa har ta ƙare, na tofar, na tura ƙasa da ƙafa na rufe. Na wanke baki da hannu da sabulu sau uku. Na je randa na sha moɗa biyu cike, a tsakar gida, inda kowa zai gani. Na ɗauki tabarmar jiya na shimfiɗa ƙarƙashin darbejiya, daidai ƙofar ɗakinta, na zauna na miƙe ƙafa.

Kafin rana ta hau katanga zufar ta dawo, goshi da wuya da tafin hannu. Ban goge ba. Matata ta wuce da tsintsiya ta dube ni, ta wuce. Na daɗe a wurin.

Labule ya motsa. Ɗiyata ta fito da shi, ta tsaya a kaina tana kallon rigata da ta riga ta manne a ƙirji. Ta kwance zanen da ke kafaɗarta ta ninka biyu ta shimfiɗa mini a cinya, sannan ta kwantar da shi.

"Ga abokinka. Tallafe kan."

Na tallafe. Hannuwan na rawa kaɗan, ta sa nata ƙarƙashin nawa, bayan ɗan lokaci ta zare. An aske shi tas, kan na sheƙi. Ɗigo ya taru a haɓata, ina jin sa, ga tawul a wuyana amma babu hannun da zan ɗauka da shi. Ya faɗa a tsakiyar kan yaron. Ta sa tafinta ta share, ba ta ɗauke shi ba.

Sai na lura da goshinsa. Wasu 'yan ƙananan ɗigo ne jere a kai, kamar raɓa.

"Yana zufa," na ce.

"Yanzu ya gama shan nono, Baba. Duk jarirai haka suke."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ta koma ɗaki ta bar mu. Na riƙe shi har kafaɗuna suka yi tsami, ina hura masa iska a goshi da bakina, ina jira in ga ko zai bushe.